Soron da Na Rushe da Hannuna

Satin da ya wuce aka rushe soro na ƙarshe a layinmu, nan Kurfi. Ba ni na gina shi ba, ƙanen mahaifina ne, amma na san azarar da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, don ni na miƙa su sama. Mai gidan ya ce bulo da kwano zai sa, kamar kowa. Ban hana shi ba, gidansa ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne samarin da aka ɗauko aikin. Da rana ta take, sai suka shige cikin soron suka miƙe ƙafa, na ji ɗayansu yana cewa, "Kai, ɗakin ga kamar randa!" Da suka huta suka wartsake, suka fito suka ɗauki diga suka hau shi. Na yi dariya, na kuma ji haushi, na tashi na shiga gida.

A gida kuwa jikokina na tarar sun haɗa kai a kan waya suna gardamar zafi. Yanzu haka ake yi. Ba a fita a dubi sama, ba a taka ƙasa a ji, waya ce ke faɗa wa mutum ko yana jin zafi ko ba ya ji. Wannan ya ce Sakkwato ta fi ko'ina yau, wancan ya ce a'a, Maiduguri ce, ƙaramarsu ta ce ita dai a kai ta Jos. Sai babban ya nuna mini lambar Legas, ya ce, "Kaka, dubi, ba su kai mu ba. Mutanen can suna hutawa." Na ce masa lamba ba ta zufa, shi ya sa take faɗin abin da ta ga dama. Suka bushe da dariya, wai tsoho ya fara. To, na fara ɗin, kuma sai na kai ƙarshe, don na taɓa yin irin wannan tunani nasu, ya kusa sa ni kashe uwar mutane.

Mu da muka tashi ba mu da lamba, amma mun san zafinmu kamar yadda muka san maƙwabta. In bazara ta kama, man shanu ya narke a ƙwarya tun kafin a kai shi kasuwa, rairayi ya hana jaki tsayawa wuri ɗaya, tsuntsaye su sauka gindin randa baki buɗe. Duwatsun Dutsin-Ma kuwa, in ka bi ta gefensu bayan azahar, hucinsu kaɗai ya isa ya kore ka. Amma zafi ne mai kunya. Ka shiga inuwar tsamiya ya tsaya a waje, ka wanke riga ka shanya, kafin ka idar da alwala ta bushe. Haka ɗarinmu, busasshe ne. Yana tsaga dunduniya, yana fasa leɓe, tsofaffi su kwana da kaskon wuta, mu kuwa 'ya'yan magina a tashe mu da sassafe mu shiga kwaɓin ƙasa da ƙafa, ruwan kududdufi yana cizon mu har gwiwa. Sai hantsi ya dubi ludayi jiki yake dawowa namu. Daga nan kuma ba ka jin komai a unguwa sai muryar magini daga saman bango, yana kiran ƙasa, yana kiran tubali, da ƙarar tubalin in ya faɗa tafin hannunsa. Wannan ƙara na fi kewa a duniya, kuma na san ba zan sake jin ta ba.

Lokacin hutun rana, dattawan da ke aiki da mahaifina sukan zauna a inuwa su yi irin gardamar jikokina, sai dai su da jikinsu suka auno. Akwai wanda ya yi haƙar kuza a Jos. Shi kullum labarinsa sanyi ne: wai can ruwan wanka allura ne, wai ya ga ƙanƙara ta sauko ta kashe kaji, wai ana tsakiyar bazara mutum ya nemi bargo. Akwai wanda ya yi fatauci zuwa Sakkwato a ƙafa, ya rantse iskar can da rana kamar an buɗe maka bakin maƙera. Wani kuma ya ce duk wasa ne, a je Barno a ga rana. Ba wanda ke yarda da na wani. Mahaifina, wanda kowa ke ce wa Baban Magina, ba ya sa baki sai an gaji. Sai ya ce zafi ba ɗaya ba ne, kamar yadda ƙasar gini ba ɗaya ba ce, kuma magini sama yake fara tambaya kafin ya tambayi ƙasa. Ni a lokacin na ɗauka irin maganar tsofaffi ce da ake gyaɗa wa kai a wuce.

Soro kuwa, ga wanda bai taɓa kwana cikinsa ba, ga yadda yake. Bango mai kauri ne na tubali, a jera azarar giginya a sama, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa a daddaɓe, a shafe da makuba don ruwa ya zame ya bi indararo. Taga 'yar ƙarama ce, can sama, don kada rana ta sami hanya. Bangon yakan wuni yana shan zafi bai bari ya shiga ba, in gari ya yi sanyi ya sake shi a hankali. Da bazara ka shiga ka ji sanyi, da ɗari ka shiga ka ji ɗumi. Lokacin yin sa kuma sananne ne: daga an gama kaka har zuwa ranar da shamuwa ta sauka a kan kuka. Wata shida, wani zubin bakwai, sama ba ta ɗigo ko ɗaya. A kan wannan lissafi aka haife ni, kuma ban taɓa zaton akwai inda ba ya aiki ba.

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai, ina saurayi, na yi ɗaurin guga na farko, wato bakan ginin da ke ɗauke da rufin soro, ni kaɗai a wani zaure a Karofi. Ya yi kyau, ba yabon kai ba. Mutane suka riƙa zuwa kallo, kaina ya kumbura har hula ta yi mini kaɗan. Ana cikin haka saƙo ya zo daga wani Alhaji, mutumin Dutsin-Ma, mai kai shanu Kurmi ya dawo da goro. Ya daɗe da zama a zangon wani gari gaba da Badun, kuma da mahaifinsa ya rasu sai ya ɗauke mahaifiyarsa ya kai ta can. Saƙon ya ce tsohuwa ta kasa zama. Ɗakin kwano ya hana ta barci, ta rame, ba ta da magana sai ta soronta na gida. Alhaji yana son magini daga gida ya je ya gina mata irinsa. Baba ya ce shi ba za shi ba. Ni na ce za ni.

"Mi za ka gina can?" in ji Baba.

"Soro, Baba."

"Ka taɓa jin wanda ya ga soro a Kurmi?"

"Ban ji ba."

"To, su da ke zaune can tun kakannin kakanni, wawaye ne da ba su yi ba?"

Na ce, "Ba su iya ba ne."

Ya dube ni ya ce, "Tahi. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Amma ka riƙe abu guda: ɗakin da ba ka iya sa ɗiyanka su kwana ciki, kada ka sa uwar wani."

Na ɗaure buhu biyu na makuba, na hau mota zuwa Funtuwa, na shiga jirgin ƙasa. Ɗari yana ƙarewa a gida lokacin, don haka a lissafina ina da wata uku cur kafin ruwa. Tun daga Minna na fara jin jikina yana sauya. Da muka haye gadar Jabba, tsagar dunduniyata ta daina zafi, leɓena ya yi laushi, na ce ashe ƙasar daɗi ce. Kafin mu sauka na janye maganata. Rigata ta manne a bayana ta ƙi saki. Rana ba ta kai tamu ƙarfi ba, wannan gaskiya ne, kana iya tsayawa cikinta ba ta gasa ka ba. Amma ka shiga inuwa zufa ba ta tsaya ba, gari ya waye ba ta tsaya ba. Gishiri ya jiƙe a cikin ƙwarya ba wanda ya zuba masa ruwa. Ashana ta ƙi kamawa. Takalmin fata da na ajiye ƙarƙashin gado, kwana biyar ya yi fumfuna. Duk na ga wannan da idona, kuma duk bai koya mini komai ba.

Tsohuwar, Inna kowa ke ce mata, 'yar asalin Wurma ce. Na same ta zaune a ƙofar ɗakin kwanonta, mafici a hannu, wuyanta da bayanta duk ƙurajen zafi. Ƙarama ce, baki gare ta kamar reza. Da ta ji harshena sai ta fashe da kuka, sannan ta share ido ta fara yi mini tambayar gida, ko kukar wuri kaza tana nan, ko rijiya kaza ta ƙafe. Daga nan ta ce, "Ɗan nan, zahin garinmu namiji ne, gaba da gaba yake zuwa. Na nan munahiki ne, har ɗaki yake bin ka, ya kwanta tare da kai. Ka gina mani sorona. In na kwana ciki ko sau ɗaya ne, Allah Ya ɗauki abinsa." Na buga ƙirji na ce mata kafin wata biyu za ta shiga.

Alhaji ya yi ƙoƙari. Ya sa aka kawo azara tun daga ƙasar Nupe, ya ba ni majiya ƙarfi shida. Muka kwaɓa jar ƙasar wurin, muka mulmula tubali muka jera a fili. A gida kwana goma tubali yake yi, ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa. A can, bayan sati uku na fasa ɗaya, na tarar cikinsa baƙi, danshi na nan kwance. Na san ma'anar wannan. Ko yaron magini ya sani. Na jefar da shi bayan gari don kada kowa ya gani, na ce a fara gini, zai ƙarasa bushewa a bango. Wannan ita ce ƙaryar farko da na yi wa kaina.

Akwai wani tsoho Bayarabe a bayan zangon, shi ma magini ne, ya yi zama a Zariya har ya ji Hausa. Kullum da yamma yakan zo ya tsaya, hannu a baya, yana kallon aikina. Bai ce komai ba sai ranar da ya ga mun fara jera azara a kwance.

"Yaro, ruwa ta ina zai bi?"

Na nuna masa inda indararo zai fito.

"Wannan ɗan bututun?" Ya kama baki. "Ruwan nan ba irin naku ba ne. Kuma ya kusa, sati biyu ko uku."

Na ce, "Baba, ko shamuwa ba ta zo ba."

Ya ce, "Wace ce shamuwa?"

Majiya ƙarfina suka yi dariya, ni ma na yi, ina ganin tsohon bai san komai ba. Shi kuwa ya juya ya tafi abinsa. Yau in na tuna, kunya ce ke kama ni: ina tsaye a ƙasar mutum, ina jiran tsuntsun garinmu ya zo ya ba ni izini.

Na gina ɗaki babba na Inna, da 'yar shigifa a gabansa. Na zuba ƙasar rufi, na daddaɓe, na shafe da makubar gida. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Duk Hausawan zango suka zo kallo, tsofaffi suna shafa bango suna tuna garuruwansu. Alhaji ya sa ranar Juma'a a yi addu'a Inna ta tare, ya sayi rago. Kafin Juma'ar aka yi ruwa uku. A gida, ruwan farko yakan zo da iska da tsawa, ya zuba ya wuce, rana ta fito ta busar da komai kafin la'asar. Na can ba ya gaggawa. Ya sauko ya zauna, in ya ɗauke kuma rana ta leƙo cikin gajimare kamar mai jin nauyi, ƙasa ta yi ta tururi, babu abin da ke bushewa.

Ranar Alhamis da la'asar na sa tsani na hau rufin ni kaɗai. Taku na farko ƙafata ta nutse har idon sawu. Tsakiyar rufin ya lotsa, ruwa ya kwanta a ciki, indararo yana gefe a bushe. Na sauko na shiga ɗakin. Azara tana naso, bakinta da ke cikin bango ya fara zamewa, don tubalin da ke riƙe da ita ya koma kwaɓi. Na kuma lura da abin da ya fi wannan ba ni haushi: ɗakin ba sanyi. Da 'yar tagar nan tawa ta gida, iska ba ta shiga, numfashi ma da ƙyar. Ko da rufin zai tsaya shekara ɗari, ban gina mata abin da take nema ba. Babu wanda ya san wannan sai ni. Jirgin komawa gida Asabar yake tashi. Ina iya cike lotsawar da sabuwar ƙasa, in shafe, a yi addu'a, a yabe ni, in kama hanya da sunana. Zai yi sati biyu, ƙila wata. Na zauna a dokin ƙofa ina wannan lissafi, kuma ba zan ɓoye ba, na daɗe ina yin sa. Abin da ya tashe ni shi ne na tambayi kaina ko zan shimfiɗa tabarmata a ƙarƙashin azarar nan. Na ga ba zan iya ba.

Da hantsin Juma'a an yanka rago, an shimfiɗa tabarmi, malamai sun zauna. Mata suka fito da kayan Inna, ita kuma tana gaba da sandarta, ta sha sabon zane. Na je na tsaya a ƙofar shigifa, na ware hannuwa.

"Alhaji, ba mai shiga ɗakin ga."

Alhaji ya taso. "Mi ka ce?"

"Ginin bai yi ba. Tubalin ɗanye ne, na sani tun farko na rufe. Rufin ya sha ruwa, zai hwaɗo. Laifina ne, ba na kowa ba."

"A gaban mutane za ka yi mani haka? Jiya ina kake?"

"Jiya ina neman ƙarfin hali, Alhaji. Yau na samu."

Inna ta matso har sandarta ta taɓa ƙafata. "Kauce, ɗan nan. Ni na ce a gina, ni za ni shiga. Kwana ɗaya na roƙa. In ya hwaɗo, a kaina ya hwaɗo, ina ruwanka?"

Na ce, "Inna, ki yi mani duk abin da za ki yi. Ba ki kwana nan."

Ta ɗaga sandar ta sauke mini a kafaɗa, sau biyu. Ba zafi, ba ta da ƙarfin. Kukan da ta yi bayan nan shi ya yi mini zafi, har yau ina jin sa. Na san in na tsaya ana magana za a rinjaye ni, wani ya ce a tokara da itace, wani ya ce a bari a gani. Sai na ɗauki diga na hau tsani. Sara uku na yi a tsakiyar rufin ɗakin, na ja da baya, ƙasar ta zube ciki jagab, ta ja azara huɗu tare da ita. Mata suka yi salati. Na ci gaba da sara ina hawaye, ban tsaya ba sai da sama ta bayyana daga bango zuwa bango.

Alhaji bai yarda ba. Ya ce kowane rufi aka sara zai zube, ya ce na tozarta shi, ya ce shigifar nan kuwa ban isa in taɓa ta ba, a bar masa ita ko don a san ya taɓa yin soro. Na ce gidansa ne, amma na tara ƙaya na toshe ƙofarta ta yadda ko akuya ba za ta shiga ba. Ya ce in bar masa gida. Na bar masa, na koma rumfar masu ɗaurin goro. Yaran zango suka sa mini suna Rusau, in na wuce su bi ni da shi. Asabar ta zo, jirgi ya tashi, ban bi shi ba. Na yi wa tsohuwa alkawarin ɗakin da za ta yi barci, kuma na rantse ba zan taka Kurfi ba sai na cika.

Wurin tsohon nan Bayarabe na tafi. Na cire takalmi na durƙusa, na ce masa na zo koyo. Bai yi mini gori ba, ko kalma ɗaya. Ya zagaya da ni gidansa yana nuna mini da sanda. Ya ce a ƙasarku rana ce abokiyar gaba, shi ya sa kuke ɓuya a bayan bango. A nan ruwa ne da gumi, ruwa kuwa ba a tare shi, hanya ake ba shi, gumi kuma iska ce kaɗai maganinsa. Rufinsu mai tsini ne, ruwa bai isa ya zauna ba. Bakin rufin ya zarce bango da kamu biyu, don kada feshi ya ci gindin gini. Taga biyu suna kallon juna, iska ta shiga nan ta fita can. Shi ya je ya ba Alhaji baki, ba ni ba, har Alhaji ya ce mu yi abin da za mu yi, shi ba ruwansa. Muka sauke bangon zuwa inda ya bushe, muka tayar da shi a hankali tsakanin ruwa da ruwa, muna rufe shi da ganye. Muka fasa tagogi manya da sabuwar ƙofa ta gefe, muka ɗora jinka mai tsayi, muka baibaye da ciyawa mai kauri. Ni da ake zuwa kallon ɗaurin gugana, na koma mai miƙa igiya, kuma na miƙa da zuciya ɗaya.

Shi ya sa in na ga ginin yanzu raina ke ɓaci. Daga Legas har Kurfi ɗaki iri ɗaya ake yi, bulo siriri da kwano, kamar sama ɗaya ce a kan kowa. Kuskurena ne suke maimaitawa, sai dai ni Kurmi na kai ginin Arewa, su kuwa sun ɗauko na wani wuri sun kawo inda rana ke gasa dutse. Da bazara ɗaki ya zama tanda, a kwashe yara a fito tsakar gida, a yi ta zagin masu wuta don fanka ta tsaya. Da ɗari kuma kwanon ya yi ta zubo sanyi a kan mutane. Ni aƙalla da na ga ɓarnata na tsaya na gyara.

Kwana arba'in da wani abu muka yi muna gyaran ɗakin Inna. A duk kwanakin nan Inna ba ta amsa gaisuwata ba ko sau ɗaya. Ranar da aka gama ba a yanka komai ba, ba a kira kowa ba, jikokinta ne suka kwashe kayanta suka kai, ta bi su tana cewa an mayar da ita bukka kamar mai gadin gona. Amma washegari wata jikarta ta faɗa mini a ɓoye cewa sai da aka tashe ta sallar asuba, abin da ba a taɓa yi ba tun zuwanta garin.

Ban tafi ba duk da haka, ina jiran babban ruwa ya gwada aikin. Ya zo ranar wata Talata, tun hantsi. Ban taɓa ganin irinsa ba, ko gidan da ke gabanka ba ka gani. Na zo na tsugunna a ƙarƙashin bakin jinkar ɗakin Inna, ina duban gindin bango, ina duban ciyawa. Azahar ta wuce yana zuba. Wajen la'asar sai na ji wani nishi daga gabana, kamar saniya za ta kwanta, sannan ƙasa ta girgiza. Shigifar ce. Rufinta ya zauna gaba ɗaya, bango biyu suka bi shi, azara ta tsaya a tsaye cikin taɓo.

Alhaji ya fito daga cikin gida a guje, ba hula ba takalmi, yana kiran "Inna! Inna!" da muryar da ban san yana da ita ba. Ya zo ya tarar da ita zaune a kan gadonta, a bushe, ta leƙo ta taga tana kallon tarin ƙasar. Ya dafa bango yana haki. Ya dubi tarin, ya dube ni.

Inna ta daɗe ba ta ɗauke ido daga wurin ba. Can ta ce, "Kai, Rusau."

"Na'am, Inna."

"Da ka ji maganata, da yanzu ni ake tonowa." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Shigo daga ruwan ga ka ci tuwo. Gobe kuma ka ƙara mani faɗin tagar can, ta yi kaɗan."

Tagar ba ta yi kaɗan ba, ni na auna ta. Amma gari na wayewa na zo da kayan aikina na ƙara mata.